Kumburin Hanji: Idan An Fara Magani Amma Sauƙi Bai Zo Ba

Yawancin masu wannan ciwo sukan sha wahala kafin su san sunansa. Mutum ya yi wata da watanni yana zawo da jini da majina, ciki na murɗawa, yana ta ramewa. A kemis an ce atini ne, an ba shi Flagyl. A ƙaramin asibiti an ce taifot ne, an yi masa allurai. A gida an ce basir ne, an jiƙa masa sassaƙe. Sai da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka tura shi asibitin koyarwa, aka leƙa hanjinsa da bututu mai kyamara, aka gutsuri ɗan nama aka auna, likita ya rubuta haruffa uku a kati: IBD. Ranar nan mutane da yawa sukan koma gida da ɗan sanyin zuciya, gama yanzu an san abin da ake fama da shi, ga kuma magani a hannu.

Sai mako huɗu ya wuce, shida ya wuce, har yanzu ana tashi sau biyar cikin dare ana zuwa bayan gida. Wannan faɗuwar gaba ta biyu ta fi ta farko zafi. Kuɗi sun ƙare wajen bincike, dangi kuma sun fara cewa, "Ba mun faɗa ba? Wannan ba ciwon asibiti ba ne." Domin wanda ke cikin wannan hali da masu jinyarsa aka rubuta wannan bayani. Likitocin hanji sun saba ganin maganin farko bai kama ba. Sau da yawa akwai dalilin da za a iya nemowa, kuma akwai abin da ake yi na gaba.

Wane irin ciwo ne?

IBD suna ne da ya haɗa cututtuka biyu. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda ake rubutawa UC. Takan fara daga dubura ta yi sama, tana cin shimfiɗar cikin hanji kaɗai. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta ci sunan likita Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa biyu a birnin Niyu Yok a 1932. Ita kuwa tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tana ratsa kaurin hanjin gaba ɗaya. Shi ya sa takan kawo tsukewar hanji, ko taruwar mugunya, ko yoyo a gefen dubura.

A duka biyun, garkuwar jikin mutum ce ta juya tana ƙona hanjinsa. Ba a ɗauka daga wani, ba a sa wa wani. Ba sammu ba ne, ba kuma alhakin wani abinci da aka ci ba. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 zuwa 35, yana tashi yana lafawa. Babu ƙwayar da ke tumɓuke shi daga tushe, amma ana iya kwantar da shi shekara da shekaru, mutum ya yi aikinsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya.

Tambaya ta farko: shi ne, kuma shi kaɗai ne?

A ƙasashen Turai idan magani bai yi aiki ba, likita yakan yi tunanin canja magani. A ƙasarmu akwai abin da ya kamata a fara dubawa kafin nan, domin muna da cututtukan da ke kama da IBD kamar an tsaga kara.

Babba a cikinsu tarin tibi ne. Mutane da yawa ba su san cewa tibi yana kama hanji ba, ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba. Wurin da ya fi kamawa kuwa shi ne inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, wato daidai inda cutar Crohn ta fi zama. Ramewa, zazzaɓi, ciwon ciki, zawo, duk iri ɗaya ne, kuma ko an leƙa da kyamara, ko an duba naman, wani lokaci ƙwararru ma sukan kasa rarrabewa. Bambancin kuwa na rai da mutuwa ne: maganin Crohn yana danne garkuwar jiki, idan aka ba mai tibi sai cutar ta bazu. A Indiya, inda tibi ya yi yawa kamar a Najeriya, idan likitoci suna kokwanto sukan fara da maganin tibi na wata 2 zuwa 3, sa'an nan su sāke leƙa hanjin. In gyambon yana warkewa, tibi ne, sai a ƙarasa maganin. In bai motsa ba, a koma kan Crohn. Saboda haka kada ka ji nauyin tambayar likita, "An duba ni ko tibi ne?" Musamman in kana gumin dare, ko ka taɓa zama da mai tari.

Sai atini na ƙwayar amiba, wanda ke yin gyambo a babban hanji kamar UC. Shi ma idan aka ɗora masa maganin sitiroyid yana iya tsananta har hanji ya huje. Tsargiya ta hanji, wadda masu shiga rafi da fadama ke ɗauka, ita ma tana sa jini a bayan gida.

Akwai kuma lokacin da IBD ɗin ne na gaske, amma wata cuta ta hau kansa. Wanda ya sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai kafin a gano ciwonsa, kamar yadda yawancinmu kan yi, yana iya kamuwa da wata ƙwaya da ake kira C. diff, mai sa zawo mai tsanani. Wanda ya daɗe a kan sitiroyid kuma wata cutar bairos mai suna CMV tana iya tashi a hanjinsa. Muddin ba a magance su ba, ƙara ƙarfin maganin IBD ba zai amfana ba. Saboda haka awon bayan gida ne aiki na farko duk lokacin da magani ya ƙi kamawa, ko da an taɓa yi a baya.

An ba maganin lokacinsa? Yana kuwa isa inda ciwon yake?

Kowane magani da tafiyarsa. Mesalazin da salfasalazin, waɗanda ake fara ba mai UC marar tsanani, suna bukatar mako 4 zuwa 8 kafin a yanke masu hukunci. Azatiyofirin yakan ɗauki wata 3, wani lokaci fiye. Firednisolon ne mai sauri. Idan aka yi mako 2 ana shan cikakken awonsa ba canji, kada a jira ranar da aka rubuta a kati, a koma asibiti.

Akwai matsalar da ba a cika faɗa wa likita ba. Maganin yana da tsada, sai mutum ya raba ƙwayoyin sati ɗaya su kai sati biyu. Lokacin da ciwo ya tashi, awon mesalazin yakan kai giram 2.4 zuwa 4.8 a rana. Wanda ke shan rabin haka bai gwada maganin ba tukuna, amma likita zai ɗauka an gwada an kasa, ya haura zuwa wani mai tsada da haɗari fiye da shi. Faɗin gaskiya a nan ba abin kunya ba ne. Salfasalazin ya fi araha ƙwarai, an kuma san shi tun shekarun 1940, kuma yana aiki. Sai dai ana haɗa shi da folik asid, yana mai da fitsari ruwan lemo, kuma yana rage ƙwayoyin haihuwar namiji na ɗan lokaci, su dawo bayan an daina. Wani abu da ya shafe mu musamman: ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD ya yi yawa a Afirka ta Yamma, kuma salfasalazin yana iya farfasa jinin mai wannan ƙaranci. In fitsari ya yi duhu kamar shayi ko ido ya yi rawaya, a tsaya a ga likita.

Sai maganar matsi. UC daga dubura take farawa, kuma a nan ne take haddasa jini da yawan jin bayan gida da nishi ba abin da ke fita. Ƙwayar da aka haɗiya ba lallai ta iso can da ƙarfinta ba. Mesalazin na matsawa ta dubura da dare, haɗe da na sha, ya fi na sha kaɗai aiki. Mutane da yawa suna karɓar takardar su ajiye saboda ƙyama ko kunya, alhali mai yiwuwa wannan ne abin da ya rage. Ga mai Crohn kuwa, mesalazin ba ya yin wani abin kirki. In a kansa kaɗai aka bar ka, ka tambayi dalili.

A duba kuma abin da ake sha a gefe. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, diklofenak da Feldene suna iya tayar da ciwon. Farasitamol ne zaɓi. Taba sigari tana hura wutar Crohn sosai, daina ta magani ne mai zaman kansa. Maganin wankin ciki na gargajiya kuwa, ga hanjin da ke zubar da jini, ƙarin gishiri ne a gyambo. Duk abin da kake sha, na ganye ko na kemis, ka kai kwalbar likita ya gani.

Tarkon firednisolon

Tun 1955 ne likitoci biyu a Ingila, Truelove da Witts, suka nuna cewa sitiroyid yana ceton ran masu UC mai tsanani, kuma har yau ba a daina amfani da shi ba. Yadda aka saba, ana farawa da miligiram 40 a rana, a riƙa ragewa cikin mako 6 zuwa 8 har a tsaya. Aikinsa kashe gobara ne. Ba ya hana ciwon dawowa.

A nan ne da yawa daga cikin mutanenmu suke faɗawa. Ƙwayar tana da araha, kowane kemis na da ita, kuma in an sha ana jin daɗi. Komawa asibitin koyarwa kuwa kuɗin mota ne da dogon layi. Sai mutum ya ci gaba da saye da kansa, wata shida, shekara. Fuska ta cika, maƙwabta suna ta barka da sauƙi, alhali ƙashi na zaizayewa, sukari da hawan jini na shigowa, yanar ido na taruwa, kowace cuta kuma ta sami ƙofa a buɗe. Kuma wanda ya yi makonni a kansa ba ya dainawa rana ɗaya, gama jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Idan ciwon na dawowa duk lokacin da aka rage shi, ko an bukace shi sau biyu cikin shekara ɗaya, ma'anarsa ana bukatar wani magani na riƙo, ba ƙarin firednisolon ba.

Abin da ke gaba

Magungunan riƙo na farko su ne azatiyofirin, da metotireksat ga mai Crohn. Suna da ɗan sauƙin kuɗi, amma dole a riƙa awon jini da na hanta a kai a kai, musamman a watannin farko. Duk zazzaɓin da ya zo a kansu a je a auna, kada a ce maleriya ce kawai a sayi magani a sha.

Bayansu akwai allurai masu toshe wani sinadarin kumburi a jiki. Infiliksimab ne na farko, an amince da shi a Amurka domin Crohn a 1998, domin UC a 2005, sa'an nan adalimumab ya biyo. Daga 2013 aka fara samun kwatankwacin infiliksimab na wasu kamfanoni, farashi ya sauka, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa adalimumab cikin jerin muhimman magunguna. Duk da haka har yanzu sun fi ƙarfin aljihun yawancin iyalai a nan. Su ma ba kowa suke yi wa aiki ba, kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya samun sauƙi da na farkon da aka gwada, amma yanzu akwai wasu masu bin wata hanya dabam, kamar bedolizumab da ya fito a 2014, da ƙwayoyin sha irin su tofasitinib na 2018. Kafin a fara ko wannensu, wajibi ne a bincika tibi da ciwon hanta nau'in B, gama suna iya tayar da wanda ke kwance. Kuma ba a yi wa mai shan magungunan danne garkuwa rigakafin shawara sai da izinin likitansa. Masu shirin tafiya ƙasar waje su lura.

Tunanin likitoci ma ya canja. A da sai an bi tsani mataki mataki. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2024, a kan sababbin masu Crohn 386, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka fara wa infiliksimab tun da wuri sun zauna lafiya tsawon shekara ba sitiroyid ba tiyata, a kan kashi 15 na waɗanda aka bi da su a hankali. Ko inda allurar ba ta samuwa, darasin yana nan: zaman jira a kan maganin da ba ya aiki yana barin tabo a hanji.

Tiyata kuma ba alamar an kasa ba ce. Ga mai UC, cire babban hanji yana raba shi da gyambon gaba ɗaya. Akan fitar da bakin hanji ta ciki a manna jaka, daga baya kuma a wasu lokuta a ɗinka wata jaka ta ciki da ƙaramin hanji a haɗa da dubura. Ga mai Crohn tiyata ba ta warkarwa, amma idan guntun wuri ne a ƙarshen ƙaramin hanji, yanke shi yakan ba da shekaru na sauƙi. A inda allurar ke cin kuɗi kowane wata biyu har abin da hali ya yi, wannan magana ce da ta cancanci a zauna da likita a auna ta da kyau.

Ranar da ba a jira

Idan bayan gida mai jini ya kai sau 6 ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko jiri da farin ido, wannan na kwanciya asibiti ne a ranar, ko da dare ne. Haka nan idan ciki ya kumbura ya yi tauri, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, domin ciwon yana sa jini daskarewa a jijiya. Kada a sha Imodium a irin wannan hali don a tsayar da zawo, yana iya sa hanji ya buɗe ya fashe. A asibiti za a ba da sitiroyid ta jijiya, a duba a rana ta 3. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa amsawa, kuma a nan ne ake shawarar magani na ceto ko tiyata. Iyali su san da wannan tun ranar farko, domin neman kuɗi da sa hannu kada su cinye kwanakin da babu su.

Zaman yau da gobe

Kafin a dace da magani, dole a ci, a sha, a rayu. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke abinci. Wannan ya hana nama, wancan ya hana mai, wata ta hana nono, har mai ciwo ya koma kan koko kaɗai, jikin da ke bukatar gini ya ƙara lalacewa. Babu abincin da ke warkar da IBD, babu kuma jerin haram guda ɗaya ga kowa. Lokacin da ciwo ya tashi, a ci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida: tuwon shinkafa mai laushi, dankali, ayaba, ƙwai, kifi, kaza, kunu. A rage yaji da soye-soye da lemon kwalba. Wanda madara ke dama wa ciki yakan iya shan kindirmo. Wanda aka ce hanjinsa ya tsuke kaɗai ne zai guji masu ɓawo da zare, kamar aya, gyaɗa, rake da kwaɗon ganye. Ga ruwan jiki, a sha ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Azumi kuwa, kowane iri ne, a jinkirta shi har ciwo ya lafa.

Gajiyar da ba ta tafiya sau da yawa ƙarancin jini ne, kuma ana magance shi. In ƙwayar ƙarin jini tana tayar da ciki, akwai ta jijiya.

Mace mai son haihuwa ta faɗa wa likita tun da wuri. Ya fi kyau a ɗauki ciki lokacin da ciwo ke kwance. Yawancin magungunan ana ci gaba da su da ciki, amma metotireksat yana illata ɗan tayi, dole a daina shi tun kafin.

Akwai kuma nauyin da awo ba ya nunawa. Ciwo ne na bayan gida, ba wanda ke son faɗarsa a taro. Saurayi ya daina zuwa makaranta saboda bayan gidan ya yi nisa, mace ta daina zuwa kasuwa da biki, ana ce mata ta cika son jiki tun da ba a ga rauni a fili ba. Damuwa ba ita ta kawo ciwon ba, amma ciwon yana kawo ta, kuma wanda ya fara jin rayuwa ta ishe shi ya faɗa wa likita kamar yadda zai faɗi jini. Ya kyautu a sami mutum ɗaya a wurin aiki ko makaranta a yi masa bayani, a nemi takardar likita. Masu ziyara, fastoci da zumuntar mata, ku yi addu'a, amma kada ku sa marar lafiya ya ajiye magani don ya nuna bangaskiya, kada kuma kowa ya zo da sabon haɗi. Kuɗin motar zuwa asibiti, riƙon yara ranar awo, da ba shi wurin zama kusa da ƙofa a sujada sun fi amfani.

Ranar komawa asibiti, likita na iya samun minti goma kacal. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta sau nawa ka fita kowace rana, sau nawa da dare, da jini ko babu, nauyinka kowane mako, da ainihin ƙwayoyin da ka sha. Ka nemi kwafin sakamakon leƙen hanji da na awon nama, ka ɗauki hotonsu a waya, domin fayil yakan ɓace, yajin aiki yakan zo, likita yakan canja wuri. Kafin ka tashi daga kujera ka tambaya: zuwa wace rana ya kamata in ga canji, me za a auna don a tabbatar, in kuma ban gani ba wane magani ne na gaba, nawa ne kuɗinsa, kuma wa zan nema idan abin ya tsananta kafin ranar.